Shago a Jikin Kowace Katanga: Ina Makomar Kasuwar Unguwa a Kano?

Shekara 11 ke nan ina zaune a gida guda, a wata unguwa da ke yamma da birnin Kano. Lokacin da na tare, layinmu gidaje ne zalla, in ban da wani mai tebur da ke bakin masallaci yana sayar da sukari da ashana da sabulu, sai kuma wata dattijuwa da ake aika yara cikin gidanta sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A daminar bara, da asubar wata Laraba, na tashi na tarar ruwa ya kai idon sawu a tsakar gidana, har ya kutsa ɗakin da nake ajiye littattafai. Da gari ya waye muka bi sawu, sai muka gano dalili. Gidan da ke kusurwar layi, wanda magada suka sayar bayan rasuwar mahaifinsu, an rushe shi an gina bene mai shaguna 18, an kuma malale kwatar da ke kwashe ruwan layin da kankare, domin masu sayayya su sami wurin tsayawa.

Da hantsi na je na sami mai ginin, mutum mai fara'a da sanin ya-kamata. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ka kuwa ga ɓarnar da toshe kwatar nan ta yi mana?" Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Wallahi Malam, ka yi haƙuri. Takarduna duk suna hannuna, kuma tun daga aza harsashi har rufi, babu wanda ya zo ya ce mini in bar wa ruwa hanya." Na gaskata shi, kuma cikin mako guda ya sa aka fasa kankaren. Amma maganar tasa ta tsaya mini a rai, domin ta nuna cewa matsalar ta wuce ta mutum ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka ni maƙiyin waɗannan shaguna ne. A wannan benen da ya jiƙa mini littattafai na sayi maganin zazzaɓi wa 'yata da ƙarfe 11 na dare, ban tayar da mota ba. A nan nake cire kuɗi wajen mai POS, a nan ake yi mini aski. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har ta kai ga haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, duk magidanci ya san darajar kantin da zai iya zuwa da ƙafa. Saboda haka tambayar da nake son mu tattauna ita ce: ta yaya za a kawo kasuwa kusa da gida ba tare da an kashe gidan ba?

Da yake sana'ata nazarin harshe ce, bari in fara da kalmomi, domin sau da yawa harshe kan adana abin da masu shi suka manta. Masana sun daɗe da nuna cewa kalmar "kasuwa" ta samo asali ne daga "suƙ" ta Larabci, ta biyo ta harshen Barebari, inda ake cewa "kasugu", kafin ta iso gare mu. Ita kuwa "kanti" ta fito ne daga kalmar Ingilishi da ake kiran shagunan kamfanonin Turawa da ita, waɗanda suka yawaita a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. "Tireda" ma daga Ingilishi take. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi ta shigo, ta zauna, ta ɗauki kamannin Hausa, har ta yi jam'i irin namu: kasuwanni, kantuna. Amma wannan sabon gini da ya mamaye titunanmu, har yau ba mu raɗa masa suna ba. Wasu su ce "filaza", 'yan jarida su ce "rukunin shaguna", mai shi kuma ya rubuta sunan ɗansa da Turanci a goshin ginin. A ganina wannan rashin suna alama ce ta cewa ba mu zauna mun yanke shawarar mene ne shi, da kuma inda ya kamata ya tsaya a cikin gari ba.

Alhali kuwa kakanninmu sun san wannan ilimi. Dubi sunayen wurare a Kano: Soron Ɗinki, Dukawa, 'Yan Awaki, 'Yan Lemo, 'Yan Kaba, 'Yan Katako. Kowane suna yana gaya maka sana'a ko hajar da aka san wurin da ita. Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ba a bar ta kara zube ba. Baturen nan Kilafaton, da ya zo Kano a 1824, ya bayyana yadda ya ga kowace haja da ɓangarenta, da yadda shugaban kasuwa ke ba da hayar rumfuna, kuɗin kuma ya shiga baitulmalin masu mulki. Bayan babbar kasuwa akwai matsakaita irin su Rimi da Mandawari, ƙasa da su kuma akwai 'yar kasuwar yamma ta unguwa, inda ake sayen kayan miya. Wato tsani ne mai matakala, kowace da aikinta.

Hatta abin da masana tsara birane ke yayatawa a yau, wato haɗa wurin kwana da wurin sana'a a gini guda, ba baƙo ba ne a wurinmu. Zauren Bahaushe shi ne shagonsa. A nan maɗinki ke zama da allurarsa, a nan baduku ke yanka fatarsa, a nan malami ke karantar da almajirai, a nan fatoma ke saukar da fatake ya adana musu kaya. Cikin gida kuma mata na gudanar da nasu cinikin, wanda masaniyar nan Polly Hill ta yi rubutu a kansa a 1969, ta nuna irin girman kasuwancin da ke gudana a bayan katanga ba tare da ido ya gan shi ba. Hikimar wannan tsari ita ce iyaka: baƙo ya tsaya a zaure, iyali suna ciki cikin sutura. An haɗa sana'a da zama, amma kowanne ya san inda ya tsaya.

To, me ya ɓata wannan tsari? Abu na farko yawan jama'a ne. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma kowa ya ga yadda garin ya bazu tun daga lokacin, ya haɗiye ƙauyukan Kumbotso da Ungogo. Akwai tsarin raya birnin na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda Baturen nan Trevallion ya jagoranci shiryawa, amma gari ya daɗe da tsere wa wannan takarda. Unguwanni da dama masu gonaki ne suka yanka su, irin abin da ake kira awon igiya, ba a ware filin kasuwa ba, balle na makaranta ko asibiti. Inda kuma gwamnati ta yanka ta ware, sau da yawa filin kan rikiɗe ya koma fulotai. Buƙatar saye da sayarwa kuwa ba ta mutuwa don an hana ta fili. Sai ta ɓulla ta jikin katangar gida, da ta makaranta, da ta masallaci, har da ta maƙabarta.

Abu na biyu lissafi ne. Mai gida a bakin titi ya lura cewa in ya fasa ɗakunan gaba ya fitar da shaguna 3, hayarsu za ta iya zarce ta gidan gaba ɗaya, kuma ɗan kasuwa kan biya ta shekara a dunƙule. Magada 10 da suka gaji gida ɗaya ba su da hanyar raba shi sai ta sayarwa, wanda zai fi ba da kuɗi kuwa shi ne mai niyyar rushewa ya yi shaguna. Ga shi darajar naira na zubewa, mai kuɗi na ganin gara ya binne dukiyarsa a bulo da siminti. Bashin banki kuma ba abin taɓawa ba ne, domin a watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuma ya ɗara haka. Wanda ya gina da kuɗin aljihunsa so yake ya maido su da wuri, don haka kowane taku na filin sai ya zama shago. Wurin ajiye mota, da banɗaki, da wurin tara shara, da hanyar ruwa, duk asara ce a idonsa, tunda ba a karɓar haya a kansu. Nauyin sai ya faɗa kan maƙwabta da masu wucewa.

Mun kuwa ga sakamakon cunkoso a manyan kasuwanninmu. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata kayan miliyoyin naira, kuma 'yan kasuwar da kansu suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanun ruwa. Abin da ya faru a layinmu ƙaramin misali ne na wannan cuta.

Da aka tashi yin magani kuma, sai aka ɗauko katafila. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine da dama da ta ce an yi su a filayen jama'a, ciki har da na tsohon otal ɗin Daula da shagunan da ke kewaye da filin Idi na Ƙofar Mata. Masu shagunan filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, wadda a watan Satumba na shekarar ta umarci gwamnati ta biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba na nan don in yanke hukunci tsakanin gwamnatin da ta ba da filayen da wadda ta rushe su. Abin da ya dame ni shi ne darasin da mai zuba jari ya koya: takardar da wata gwamnati ta ba ka, wata na iya zuwa ta yi watsi da ita. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a. Idan amanar ta zama tana sauya launi duk bayan zaɓe, babu mai hankalin da zai yi ginin shekara 50. Kowa sai ya yi na ci-maza, ya kwashi abin da ya samu kafin iska ta juya.

Wasu abokaina 'yan boko na ganin mafita ita ce manyan kantunan zamani irin na ƙasashen waje. Mun gwada. A 2014 aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a titin Gidan Zu, kuma duk wanda ke Kano a lokacin zai tuna irin tururuwar da aka yi. Amma a watan Janairu na 2024 Shoprite, wanda shi ne babban ɗan haya a wurin, ya rufe reshensa. Irin wannan gini an tsara shi ne domin iyali mai mota da firiji da wutar lantarki tsayayya, mai sayayyar mako ko wata a lokaci guda. Mafi yawan mutanenmu kuwa cefanen yau suke yi yau, da mudu da gwangwani da ƙulli, kuma sukan nemi ragi, wani lokaci ma bashi zuwa ƙarshen wata. Wannan alaƙa mai shagon unguwa ne kaɗai ke iya riƙe ta, domin ya san gidanka, ya san mahaifinka.

Abin sha'awa ma, su kansu masu abin sun daɗe da yin nadama. Victor Gruen, ɗan asalin Ostiriya da ya zana kantin Southdale a jihar Minesota ta Amurka, wanda aka buɗe a 1956 kuma ake ɗauka shi ne uban irin waɗannan kantuna rufaffu, burinsa shi ne a kewaye wurin da gidaje da makarantu da asibiti. Masu jari suka ɗauki shagunan da filin ajiye motoci suka watsar da sauran, har a 1978 ya fito fili ya barranta kansa da abin da tunaninsa ya haifa. Tun kafin shi, a 1929, Clarence Perry ya ba da shawarar a riƙa tsara kowace unguwa da makarantar firamare a tsakiya, shaguna kuma a mahaɗar titunan da ke gefenta, ta yadda mazauni ba zai yi tafiyar da ta wuce kamar mita 400 ba. A 2016 kuma Farfesa Carlos Moreno na Faris ya fito da ra'ayin birnin minti 15, wato mutum ya sami kasuwa da makaranta da asibiti cikin tafiyar minti 15 a ƙafa ko a keke, ra'ayin da magajiyar garin Faris ta yi yaƙin neman zaɓe da shi a 2020. A Singafo, hukumar gidaje da aka kafa a 1960 ta gina rukunan gidaje da dama tare da cibiyar shaguna da kasuwar kayan miya da rumfunan abinci a tsakiyarsu. Mu da muka gaji zaure da 'yar kasuwar yamma, bai kamata a ce sai mun je Faris an koya mana wannan ba.

Ko a gida ma akwai misali. Tsarin Abuja na 1979 ya tanadi cibiyar cinikayya ga kowace unguwa, kuma har yau ana iya ganin irinsu a Garki da Wuse. Da aka yi sakaci shaguna suka tsiro a kowane lungu, sai da aka yi rusau mai zafi a zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007. Wato tsari a takarda bai isa ba, sai da mai tsaron sa kullum, tun ginin yana harsashi.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina. Na farko, ga hukumar tsara birane. Duk sabuwar unguwar da za a yanka, ta gwamnati ce ko ta masu gonaki, a wajabta ware filin kasuwar unguwa, a buga taswirarsa a manna a ofishin mai unguwa da ƙofar masallacin Juma'a, domin filin da kowa ya san da shi yana da wuyar sacewa. A tsofaffin unguwanni kuma a fayyace titunan da aka yarda a mayar da gidajensu shaguna, da waɗanda aka haramta. Kafin a amince wa kowa ya sauya gida zuwa wurin kasuwanci, a sanar da maƙwabta da Hausa, a ba su wa'adin kawo ƙorafi. Dokar tsara birane ta ƙasa ta 1992 ta riga ta wajabta neman izini kafin gini. Abin da ya rage shi ne jami'i ya taka ƙafa ya je wurin, ya duba kwata da tazarar titi da matakalar tsira daga gobara, kafin ya sa hannu.

Na biyu, ga masu gini. Ku ɗaga kai ku dubi benayen da ke titunanmu, za ku ga sau da yawa shagunan ƙasa a cike, na sama kuwa a rufe, ƙura ta lulluɓe ƙofofinsu, domin mai sayen omo ba ya hawa bene. Me zai hana a bar ƙasa ga shaguna, hawa na biyu ga ɗakin shan magani ko ofishin lauya ko wurin koyon kwamfuta, na sama kuma a yi shi gidajen haya ga matasan ma'aikata da sababbin ma'aurata, waɗanda tsadar haya ke kora zuwa bayan gari? Sharaɗin kawai shi ne a kiyaye hikimar zaure: ƙofar masu gida daban, ba ta cikin shaguna ba, tagogi kada su leƙa tsakar gidan maƙwabci, injin niƙa da mai walda da mai sayar da gas kuma kada su zauna ƙarƙashin ɗakin da yara ke kwana. Gini mai mazauna ba ya zama kango da dare, masu kwana a sama su ne masu gadin shagunan ƙasa.

Na uku, ga magada da masu jari. Ba dole ne gidan gado ya fita daga hannun zuri'a ba. Magada na iya sa filinsu a matsayin hannun jari, mai kuɗi ya sa kuɗinsa, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya da shaidu, a riƙa raba haya gwargwadon kason kowa. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan da buɗe Jaiz a 2012, suna da tsare-tsaren haɗin gwiwa da na haya da za su dace da wannan. Akwai kuma waƙafi. Babbar kasuwar Istanbul ta faro ne a ƙarni na 15, a zamanin Sarki Muhammadu na Biyu, domin hayarta ta riƙa ɗaukar nauyin masallacin Aya Sofiya. Kasuwar unguwa da hayarta ke biyan malaman Islamiyya ko sayen magani a asibitin sha-ka-tafi ta fi shagunan da aka lilliƙa a jikin katangar makaranta mutunci da ɗorewa.

Na huɗu, kada a manta da ƙananan masu sana'a. Dattijuwar nan mai ƙuli-ƙuli ta layinmu, da na je gaishe ta bayan sallah, ta ce mini, "Malam, yanzu yara sun daina shigowa, komai sai a leda daga kanti." Ita da mai tebur da mai kayan miya ba za su iya biyan hayar shekara a dunƙule ba. Duk cibiyar da za a gina a ware musu rumfuna masu kuɗin rana ko na mako, da wurin da matan cikin gida za su riƙa aiko da hajarsu a sayar musu, wanda hakan zai ma rage yawon tallar 'yan mata. Cibiyar da ta kori talakan unguwa ba ta cancanci a kira ta kasuwar unguwa ba.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan uwana masu ilimin zamani, injiniyoyi da masu zanen gini da lauyoyi da malamai, mu daina ganin wannan a matsayin aikin gwamnati ita kaɗai. Mu ne ke zana waɗannan benaye, mu ke sa hannu a takardunsu, wasunmu ma mu ke da su. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A layinmu, bayan abin da ya faru, mun kafa ɗan kwamiti na mutum 5, har da Alhaji mai benen, mun kuma yi ittifaƙi cewa duk wanda zai fasa katanga ya fitar da shago sai ya zauna da mu tukuna, mun duba hanyar ruwa da wurin tsayuwar ababen hawa. Yanzu haka an sa wani gidan a kasuwa a ɗaya kusurwar layin, kuma mun riga mun aika wa dillalin cewa duk wanda zai saya, a gaya masa muna son ganinsa kafin ya kawo tifar yashi ta farko. Allah Ya sa mu dace.